Daddawar Kalwa: Yadda Ake Yin Ta, da Abin da Take Yi wa Jini

Daga ƙarshen watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta kai maƙura, ɗorawa ke nuna. A gonakin da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi itacen bai kai yawan da yake da shi a ƙasar Funtua da Bakori ba, amma duk inda ya tsaya yana da mai shi, kuma ba a kaɗe shi sai da izini. Da doguwar gora mai ƙugiya ake kaɗo 'ya'yan. A ɓare su, yara su sha garin, a jiƙa ɓawon a yi makuba ta daɓe, ƙwallon kuma, wato kalwa, ya koma hannun mata.

A 'yan shekarun nan daddawa ta samu sabbin masoya. Mai hawan jini ya ji a WhatsApp cewa tana wanke jijiya, mai juna biyu an ce mata tana ƙara jini, wanda likita ya ce maiƙo ya yi masa yawa a jini ya ji an ce tana narkar da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, akwai kuma ƙari mai yawa. Amma duk amfanin da ake faɗa, a wajen dahuwa da wanki da rufi ake samun sa ko a rasa shi, don haka daga tukunya ya kamata a fara.

Mai koyo ta fara da tiya ɗaya ko biyu, kada ta zarce. Ta zaɓi kalwa busasshiya mai nauyi a hannu, mai sheƙi, wadda ƙwari ba su huda ba, kuma ba ta warin ruma. Ta wanke sauran garin da ya manne, ta zubar da duk ƙwayar da ta taso saman ruwa, ta rege tsakuwa. Idan ta jiƙa ta tun daga dare zuwa safiya za ta rage wa kanta itace, kuma a yau da itace ya yi tsada, shiga daji ta wajen Safana da Batsari ya zama kasada, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Dahuwar farko ita ce mai cin rai. Ɓawon kalwa yana da tauri ƙwarai, sai ta yi awa 12 zuwa yini da kwana a kan wuta kafin ya saki. A sa ruwa ya ninka kalwar sau uku ko huɗu, a ajiye wata tukunyar ruwan zafi a gefe don ƙari, domin ruwan sanyi yana mayar da dahuwa baya. Alamar ta yi ita ce a matsa ƙwaya ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ɓawon ya saluɓe, ƙwayar ta rabe biyu. Da yawan masu sana'ar sukan janye wuta da dare su bar tukunyar a rufe a kan garwashi har wayewar gari, zafin da ya rage ya ƙarasa aikin.

A nan ne kanwa ke shigowa, kuma a nan nake roƙon a riƙe hannu. Kanwa tana saurin tausasa kalwa, shi ya sa mai gaggawa ke zuba ta da yawa. Sai dai kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ɗin da ke tayar da hawan jini shi ne a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka alaƙanta yawansa a ƙasar Zazzau da shan kunun kanwa mai yawa haɗe da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. Wadda take yin daddawa don lafiyar gidanta, in za ta iya haƙurin dahuwa ba kanwa, shi ya fi. In ba za ta iya ba, ɗan guntu ya isa, kuma a dahuwar farko, wadda ruwanta zubarwa ake yi.

Bayan an sauke an tsane, sai cire ɓawo. A zuba a turmi da ɗan toka mai tsabta ko yashi wankakke, a surfa a hankali, ba daka ba, don kada ƙwayar ta dame. Wasu da hannu suke murzawa a cikin kwando. Daga nan sai wanki, ruwa bayan ruwa, ana tsame ɓawon da ke tasowa ana barin ƙwayar da ke kwantawa, har sai ta fito fes, launinta ruwan ƙasa mai haske. Wannan shi ne wurin da ake gane mai kula da mai ha'inci. Ɓawon kalwa cike yake da sinadarin nan mai bauri da ake kira tanin, irin wanda ke cikin ganyen shayi da goro. Yana sa daddawa ɗaci, kuma, abin da ya fi damun mu a nan, yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci ya hana hanji tsotse shi. Duk ɓawon da aka bari don a ƙara auki, an rage wa mai ci jini ne. Ruwan wankin ma a duba shi. Ruwan rijiya mai murfi ko na burtsatse ya fi na kududdufi ko bakin dam, inda dabbobi ke sha ana wanki.

Dahuwa ta biyu gajera ce, awa ɗaya zuwa biyu, har ƙwayar ta yi laushin da za ta murƙushe a yatsa ba tare da ta zama kunu ba. Amfaninta biyu: tana ƙarasa laushi, tana kuma kashe ƙwayoyin cutar da suka shiga lokacin surfe da wanki. A tsane ta sosai a kwando, kuma tun tana tururi za a rufe ta. Kada a bari ta huce, kada a sa hannu. Ludayi ko mara mai tsabta za a yi amfani da ita.

Wurin rufi, a samu faffaɗar ƙwarya ko kwando a shimfiɗa ganye wankakke, kamar na kalgo ko na gwanda, a baje kalwar kaurinta kada ya wuce yatsu huɗu. A rufe da wani ganyen, a lulluɓe da buhun algarara ko tsohon zane mai kauri da aka wanke, a kai lungun ɗaki mai ɗumi inda iska ba ta kaɗawa. Kada a ƙulle ta a leda. Abin da ke aikin a ciki yana numfashi, in aka toshe shi sai ta yi tsami ta ruɓe. A bazara kwana biyu zuwa uku sun isa, a hunturu takan kai huɗu, kuma sai an ƙara mayafi. Tsofaffi kan tsawata wa 'yan mata masu ɗoki, su ce, "Ke 'yar nan, bar leƙe, za ki kore mata zafi." Gaskiyarsu ce, domin zafin da ke tasowa a cikin rufin, wanda yakan haura digiri 40, shi ne rabin aikin.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin buhun nan ya cancanci a tsaya a kansa. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, masana na kiran ta Bacillus subtilis. Tana nan a ƙasa, a ganye, a jikin ƙwarya, kuma tana iya dunƙulewa ta jure tafasa, shi ya sa bayan dahuwa ta biyu ta kashe sauran, ita ke farkawa ta samu fili ita kaɗai. Wannan ne dalilin da tsohuwar ƙwaryar daddawa ta fi sabuwa, domin irin yana maƙale a jikinta; a ɗauraye ta da ruwan zafi a shanya, ba sai an kankare ta da sabulu ba. Farfesa Odunfa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka fara tantance wannan ƙwaya a farkon shekarun 1980, a kan irin daddawar da Yarbawa ke kira iru. Ita ce dai a sumbala ta Mali da Burkina Faso, da netetu ta Senegal, ita ce kuma mutanen Japan ke amfani da ita su yi abincinsu na waken suya mai yauƙi da suke kira natto.

Aikinta shi ne farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa zuwa ƙanana waɗanda ciki ke saurin karɓa. Cikin abin da take saki akwai gulutamet, wanda shi ne ainihin ɗanɗanon da kamfanoni ke sayarwa a dunƙule da farin magi. Tana cinye nau'in sukarin da ke sa wake kumbura ciki. Tana rage sinadarin fayitet, wani mai riƙe ƙarfe da zinki kamar yadda tanin ke yi. Tana ƙara bitamin B2. Warin nan mai hawa ka kuwa iskar amoniya ce, kuma ita ke sa rufin ya koma ɓangaren kanwa maimakon tsami, yanayin da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗinsa. Ɗanyar kalwa ba ta ciwuwa. Kwana uku a ƙarƙashin buhu ne ke mayar da ita abinci.

In an buɗe, mai kyau za ta yi duhu, ta yi laushi, ta yi yauƙi mai zare in an ɗaga, da ɗan fari-fari siriri a sama, warin kuma mai ƙarfi ne amma na daddawa. In aka ga fumfuna mai gashi, kore ko baƙa ko ruwan ɗorawa, ko aka ji tsami, ko ɗoyin ruɓa, a zubar gaba ɗaya. Kada a kwashe saman a ce ƙasan ya tsira. Wasu nau'o'in fumfuna suna barin dafin da ke lalata hanta, kuma tafasar miya ba ta kashe shi.

Sauran aikin sananne ne. A baje ta a rana na 'yan awoyi ta sha iska, a daka a turmi har ta haɗe, a mulmula, a latsa ta yi faɗi, a jera a faifai ko tabarma. A ɗora a kan rumfa ko rufin ɗaki, ba a ƙasa inda kaji da ƙura suke ba, a yafa mata yadi mai shara-shara saboda ƙuda, ana juyawa har ta bushe ƙarau, ta yi baƙi, ta karye in an lanƙwasa. A kudu sukan zuba wa tasu gishiri don suna sayar da ita da danshi. Tamu busarwa ake yi, ba ta bukatar gishiri ko kaɗan, kuma wannan falala ce da bai kamata a yar ba. Busasshiya takan yi watanni a tukunya ko gwangwani mai murfi. Da damina a riƙa fito da ita tana shan rana.

To, me take yi wa jini?

Ƙarancin jini ba ƙaramar matsala ba ce a Najeriya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, suna da shi. Jiki na bukatar ƙarfe da sinadarin gina jiki da wasu bitamin kafin ya ƙera jan jini, kuma daddawa tana da na farko da na biyu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshiyar daddawa, ko fiye, sinadarin gina jiki ne. A gidan da nama sai ranar kasuwa ko ranar suna, wannan abin a riƙe ne da hannu biyu.

Amma a yi lissafi. A ce an jefa daddawa mai nauyin giram 20 a tukunyar miyar kuka ta mutum goma. Kowa ya samu giram 2, wanda sinadarin gina jikin da ke ciki bai kai giram ɗaya ba, alhali babban mutum na bukatar wajen giram 50 ko fiye a yini. Ƙarfen da ke cikin wannan ɗan rabo ma kaɗan ne, ga shi mai juna biyu tana bukatar kusan miligiram 27 kullum. Daddawar da ake sa wa don ƙamshi kawai ba za ta cike wannan giɓi ba. Wanda ke son ta yi masa aiki sai ya ɗauke ta a matsayin abinci: a ninka abin da aka saba sawa sau biyu ko uku, a sa ta a miyar kuka da kuɓewa da taushe, a fate, a dafa-duka, a daka ta a yajin da ake barbaɗa wa wake da shinkafa da ɗanwake, kuma a yi hakan kullum.

Sannan a kula da abokan tafiyarta. Ƙarfen da ke cikin tsiro ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama da hanta, sai ya samu bitamin C a cikin abinci ɗaya. Mutanen Dutsin-Ma suna da sa'a a nan, domin masu noman rani a gefen dam ɗin Zobe suna fitar da tumatir da tattasai. A yanka su ɗanye a kan kwaɗon zogale ko rama, a matsa lemun tsami, a sha gwaba ko mangwaro bayan tuwo. Shayi kuma, wanda ya zama abokin hira a kowace majalisa, a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci, haka goro. Mutum ya ci tuwo da miyar daddawa ya kora da baƙin shayi mai kauri, ya mayar da tanin ɗin da matarsa ta sha wahalar wankewa.

Ba kuma kowane ƙarancin jini ne na abinci ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jan jini, tsutsar ciki tana tsotse shi, sikila gado ce, zubar jini wajen haihuwa ko al'ada mai yawa suna ƙarar da shi. Wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, yana haki in ya yi 'yar tafiya, yana jiri, gwaji yake bukata, kuma ana yin sa a babban asibitin Dutsin-Ma da na Kurfi. Ma'aunin ƙarancin jini na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne himogulobin ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu (10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki). Jan maganin da ake bayarwa wajen awo, na ƙarfe da folik asid, babu wata miya da za ta tsaya a madadinsa. Ina faɗin haka da ƙarfi domin na san yadda ake ajiye shi a ƙarƙashin katifa saboda tashin zuciya, a ce ai ana cin abinci mai kyau.

Batun maiƙon jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, ya fi wannan sarƙaƙiya. Mafi yawansa hanta ce ke ƙera shi, kuma abin da ke ingiza ta shi ne kitse mai daskarewa: man shanu, kakiɗe, kitsen tsire da balangu, manja in ya yi yawa, man suyar da aka maimaita. Takardar gwaji takan nuna iri biyu, LDL mai taruwa a bangon jijiya ya toshe ta, da HDL mai kwashe shi ya mayar hanta. Ana son jimillar ta tsaya ƙasa da 200 a ma'aunin da yawancin ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Daddawa tana da mai sosai, amma man tsiro ne, mafi yawansa marar daskarewa, kuma ba ta kawo kolestarol daga waje.

An gwada ta. A 2006 masu bincike a Ibadan suka ba ɓerayen da aka sa wa ciwon suga daddawar kalwa, suka ga sugansu ya sauka, maiƙon jininsu ya gyaru. A 2011 wasu a Togo suka kwatanta mutanen Bogou da ke arewacin ƙasar, masu yawan cin daddawa, da na wani gari a bakin teku da ba su cika cin ta ba, suka samu bugun jinin mutanen Bogou ya fi sauka. Labari ne mai daɗi, amma a karanta shi da natsuwa. Ɓera a keji ana ba shi kaso mai yawa na abincinsa daga abu ɗaya, abin da babu mai yi a gida. Manomin arewacin Togo da mazaunin bakin teku kuwa sun bambanta a aiki da abinci da yawan gishiri, ba a daddawa kaɗai ba. Ko waken suya, da aka fi kowane iri nazari, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a 1999 a rubuta cewa giram 25 na sinadarin gina jikinsa a yini na iya rage haɗarin ciwon zuciya, sannan a 2017 ta nemi janye wannan izini saboda binciken baya bai zo da murya ɗaya ba. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na maiƙo kada ya ajiye shi don ya sayi daddawa.

A ganina babbar kyautar daddawa ga zuciya da jijiya ta wata ƙofa take shigowa. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da cokalin shayi ɗaya, mu kuwa a tukunya guda mukan haɗa dunƙule huɗu ko biyar da farin magi da gishiri da kanwa. Daddawa tana ba da wannan ɗanɗanon ba tare da gishirin ba. Kada a yanke lokaci guda, maigida da yara za su yi bore. A cire dunƙule ɗaya a wannan makon a ƙara daddawa, a cire na biyu bayan mako biyu, harshe yana sabawa. Ɗan gishirin da ya rage ya kasance mai aidin. A daka daddawar da albasa da tattasai, a sa ta tun farkon sanwa ta dahu sosai, domin dahuwa ke kwantar da warin ta fito da zaƙin; wadda aka jefa a ƙarshe ita ke sa yara su ture kwano.

Inda kalwa ta yi tsada akwai mafita biyu. Daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, tsohuwar sana'a ce a nan da Maraɗi da Damagaram. Ba a cire mata ɓawo, da ruwan toka ake dafa ta, kuma akan daka ta a sake rufewa, don haka ta fi ta kalwa ƙarfin wari da kaushi. Ta waken suya, wadda ta yaɗu daga kudancin Kaduna da Binuwai, ita ta fi sauƙi ga mai koyo: a soya waken sama-sama, a ɓarza, a sheƙe ɓawon, a dafa awa biyu zuwa uku, sauran matakan duk ɗaya ne da na kalwa. Ba ta kai ta kalwa ƙamshi ba, amma itacen da take ci kaɗan ne, kuma mai sayarwa da ta gauraya su ya kamata ta faɗa wa mai saye.

Mutum ɗaya ne zai yi taka-tsantsan da duka ukun, shi ne wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini mai suna warfarin, kamar masu ƙarfe a zuciya ko waɗanda jini ya taɓa daskare musu a ƙafa. Ƙwayar Bacillus tana ƙera bitamin K, wanda ke rage ƙarfin wannan magani, har a Japan akan hana masu shan sa cin natto. Irin wannan mutum kada ya ninka daddawa rana ɗaya, kada kuma ya daina rana ɗaya, ya gaya wa likitansa yawan da ake sawa a gidansu kafin ya canja komai.